Shekarar da Aka Sa Noma a Makarantar Yaya

Ranar Litinin ce, a shekarar da aka daina fam aka koma sidi. Ina tsaye a bakin babbar kwatar unguwar Nima, lauje a hannu, buhu a kafaɗa, rigar makaranta a jikina. Yayana Issaka nake jira. Aka kira azahar bai zo ba. 'Yan ajinmu suka riƙa wuce ni a kan katakon da ake tsallakawa, wani ya waiwayo ya ce, "Seidu, yau a wurin raguna za ka ɗauki darasi?" Na tsaya nan har inuwar rumfar mai gawayi ta iso ƙafata.

A lokacin makarantar gwamnati ta cika, sai aka raba yini biyu, manya da safe, ƙanana da rana. Wannan rabon ne ya ba ni damar shiga aji. Babanmu raguna yake kiwo a bayan gidan da muke haya a unguwar Maamobi, yana sayarwa lokacin Layya da sunan jarirai. Ƙafarsa ɗaya ta lalace tun yana dako a bakin teku, ba ya zuwa nesa, ciyawa kuwa sai bakin rafin Alajo. Safiya tawa ce: in share garke, in bi layin famfo, in kai wa Mma, mahaifiyarmu, ruwa da itace inda take dafa wake da shinkafar sayarwa. Da rana Yaya ya tashi, mu haɗu a kwata, ya karɓi lauje ya wuce Alajo, ni in karɓi allo da alli in wuce aji. A haka na yi 'yan watanni, har na fara rubuta sunana.

Sai bayan la'asar Yaya ya zo ranar Litinin ɗin nan, gwiwoyinsa duk laka. A tsakar gida ya yi wa Baba bayani. Gwamnati ta kawo sabuwar doka, ba mai karɓar takardar gama makaranta sai ya yi noma da aikin kafinta. Hedimasta ya duba, safiya ta cika da lissafi da Turanci, sai ya tura sababbin darussan zuwa rana. Shekara biyu ta rage wa Yaya. Baba ya daɗe yana kallon ragunan, suna kuka don ba su ci ba. Ya ce, "Shi ya kusa fita, kai yanzu ka sa ƙafa. In ya gama ka koma." Mma ba ta ɗago daga tukunyar da take kankarewa ba.

Yaya ya yi ƙoƙari. Ya je ya roƙi hedimasta, aka ce masa dokar daga sama ta zo. Ya gwada yanko ciyawa da asuba, raɓa ta kumbura cikin rago ɗaya, da ƙyar ya tashi. Sai ya koma guduwa daga gonar makaranta don in samu shiga aji, har aka ce za a cire shi daga masu jarrabawa. Ni na tare shi na ce, "Yaya, je ka gonarsu. Na san hanyar Alajo."

Alajo ba ta da laifi. Akwai yara irina, 'ya'yan ƙabilun Mosi da Zabarmawa da Kotokoli, Hausa ce ta haɗa mu. In buhu ya cika mu buga ƙwallon tsumma, mu kama tarwaɗa da kwando, mu ƙera mota da gwangwanin madara. Lauje ya ɗauke mini kan yatsa, na ɗaure da ganye na ci gaba. Da farko nakan zana baƙaƙen sunana a yashi. Daga baya na zana na ga ban tabbata ba. Daga nan na daina.

Yaya ya gama, ya sami aikin rubutu a shagon kayan mota a Abossey Okai. Baba ya cika alkawari, ya ja ƙafarsa ya kai ni da kansa. Muryata ta riga ta buɗe. Aka zaunar da ni cikin yaran da ba su gama famfara ba, gwiwoyina suka ƙi shiga ƙarƙashin tebur. Da aka tashi shan iska na fita, ban dawo ba. Ba wanda ya biyo ni. Har Yaya ya rasu, duk takardar da ta zo mini shi ke karantawa, kuma bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma haka.

Yanzu gidaje sun cinye bakin rafin, ragunan Maamobi ɓawon rogo suke ci. Kwanan baya jikata Memuna, da ke sakandare, ta shigo tana ƙunƙuni, wai an sake sauya musu darussa, sai ta bar wanda take so kafin a ba ta takarda. Na ce, "To wa zai zauna a gida saboda haka?" Ta yi dariya ta ce, "Kaka, ba wanda zai zauna." Na ce to, madalla. Ban ji haushi ba, ban kuma ji daɗi ba. Da a zamaninta aka haife ni, da na iya rubuta sunana.