Muryar Maigida a Cikin Na'ura

Mun tashi da asuba daga Rogo Ruma, ni da ƙanwata da surukina, wanda ya zo da labarin da ya hana ni cin tuwo: wai na'urar ɗakin karatu na wata kwaleji a wajen Karaye ta rikice. A cikinta muryar marigayi maigidana take. Tun yana raye ɗalibai suka zo suka naɗi hirarsa kan noman gyaɗa. Hoto ba shi da shi. Muryar nan ce kawai ta rage.

A tashar Rogo kuɗin mota ya ƙaru, kujera kuwa ta ragu. Aka cusa mu da buhunan dawa, ramukan hanya na wujijjiga mu. Ƙanwata tana ta ɓare dafaffiyar gyaɗa kamar biki za mu, ni ina jan carbi.

Mai kula da na'urar mace ce, idonta ya yi ja. Ta ce sun sabunta manhajar da ke ajiye kayan, sabuwar ta ƙi karɓar tsohon tsari. Ban yi boko ba, amma na san jan rubutu a allo ba alheri ba ne. Ta kashe, ta kunna, ya dawo. Ta kira wani a waya, suka ɗauko kwafin da aka ajiye kafin gyara. Muryoyi suka dawo da sunayensu, amma sunayen garuruwansu sun ɓace. Surukina ya faɗi sunan marigayin, ta nema. Babu.

Na nemi kujera na zauna.

"Baba, ranar da aka naɗa, wa ya ba da suna?" in ji ta.

"Ni. Ya tafi masallaci, suka tambaye ni."

"Me kika ce?"

"Me zan ce? Maigida! Ni 'yar yau ce da zan kama sunan miji?"

Ta rubuta Maigida. Jama'a, ashe duk matan ƙasar nan haka muka yi! Maigida sun cika allo har ƙasa. Sai kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun buɗe, wasu sun ƙi, duk wanda ya ƙi kuwa sai in ce shi ne. Bayan azahar wani a cikin na'urar ya yi gyaran murya, ya ce "To, madalla." Na riƙe hannun yarinyar nan na ce ta tsaya.

Ta ce in faɗi suna da bakina a gyara, surukina bai san sunan kakan marigayin ba. Na sunkuyar da kai na faɗa. Ban taɓa ba.

Mun iso gida kafin magariba, muryar tana cikin wayar surukina. Abin da na koyo: kunya ado ce, amma na'ura ba ta san ta ba.

Da gari ya waye na ɗauki mayafi na bi gidajen matan da aka naɗi mazajensu. Na ce kowacce ta shirya ta je Karaye ta nemo nata, tun kunnen da ya san muryar yana duniya.