Inda Rumbun Babana Ya Ƙone

A shekarun da soja ke riƙe da ƙasa, ruwan sama kuma ya ƙi zuwa, ina koyarwa a wata lakwal ta unguwar Zariya a Maraɗi. Duk Asabar nakan hau keke in je Tsibiri in duba babana da gonarsa ta jigawa, wadda ya gada wajen kakana.

Damina biyu a jere ya zuba mata takin zamani. Hatsin ya fito a tsumbure, ganyen ya yi ja-ja kamar an sa masa lalle, ya tsaya iya gwiwa. Babana mutum ne mai zuciya. Ya ce gonar ta mutu, zai bar ta ya tafi Jiratawa ƙwadago wajen masu noman rani. Tsoho da furfurarsa, a ce yana ban ruwa a gonar wani. Abin ya ci mini rai.

Ranar da ya yanke shawarar, ya cinna wa tsohon rumbunsa na bakin gona wuta. Ko zangarniya ɗaya babu a ciki, sai gara. Na yi ta roƙonsa ya ƙara damina ɗaya. Ya yi shukar, don dai in rabu da shi.

Ruwan bai yi wani kirki ba. Amma wata Asabar na tarar da shi tsaye a bakin gona. Gonar ja-ja kamar kullum, sai wuri guda, daidai faɗin gindin rumbun, hatsi ya yi kore shar, ya wuce tsayina, a zagaye kamar rumbun ne ya sake tashi. Har yau ban ga abin da ya ba ni tsoron Allah kamar wannan ba.

Na ɗauko wani abokina malamin gona daga Jiratawa. Ya murza ƙasar, ya ce jigawa tsami gare ta. Tsamin ne ke damƙe fosfor, wato abincin saiwa da ke cikin takin, ya hana shuka ci. Toka kuwa takan kashe tsamin, sai ƙasa ta saki abin da ta riƙe.

Babana ya dube shi. "Kana nuhin takin nan nawa yana nan ƙasa?"

"Da yawansa yana nan, Baba."

Ranin nan duka na yi shi ina bin murhun masu tuya a Zariya da buhu, har matan suka sa mini suna Mushe Mai Toka, wato Malam Mai Toka. Ban damu ba, don babana bai je Jiratawa ba. Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne ranar nan da malamin gonar ya zo, da babana ya durƙusa cikin hatsin, ya ɗebi ƙasa a tafin hannu, ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Ni ina ta zaginta, ashe ajiya ta yi mani."