Saƙon da na yi wata biyu ina gogewa

Shekarun baya, lokacin ina direba a wani kamfanin tace ruwa a nan Jidda, Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. Yana da ƙanwa a Kano, tsohuwa, idonta ya riga ya tafi. Ta aiko cewa ita muryar ɗan wanta take so ta ji da kunnenta.

Ni kuwa haihuwar unguwar Karantina ne a nan Jidda, Hausata Larabci ya cinye rabinta. Ina yaro mun taɓa ba alhazai kaset su kai gida, sai labari ya dawo cewa yaran gidan sun yi ta maido wurin gaisuwata suna dariya. Abin ya tsaya min a rai har na girma. Shi ya sa bayan aiken nata, sai in ɗauki saƙon murya a waya, in saurara, in goge. Mahaifiyata ta ce, "Yalla ya waladi, yi sauri ɗana, tsohuwar nan ba za ta jira ka gyara harshe ba." Na ce gobe, da girman kaina kamar wani abin kirki nake karewa.

A lokacin wani injiniya ɗan ƙasar Iceland nake kaiwa aiki. Ran nan cunkoso ya riƙe mu a Sharafiyya, ya ga ina magana da waya ina tsaki. Da ya tambaya na gaya masa.

Ya ce, "Mu har yau muna karanta littattafan kakanninmu na ɗaruruwan shekaru. Rubutun bai canja sosai ba, amma wasulan sun bar inda suke. Inda su suke jan 'a', mu 'au' muke cewa. Da za su tashi su ji mu, sai sun ce mun ɓata musu magana. To amma bakin da muke da shi ke nan, da shi muke karanta su."

Kafin hanya ta buɗe na yi magana ta minti uku, na tura ban saurara ba.

Washegari amsar gwaggona ta zo. Ta ce, "Ɗana, rabin maganarka ban gane ba. Amma yadda kake jan numfashi kafin ka ambaci Allah, haka wana yake yi. Ka ƙaro min, ko da Larabcin ne."

Duk Juma'a nake tura mata, har ta rasu bayan azumin shekarar. Har yau idan na tuna, ba dariyar yaran ce take min ciwo ba. Wata biyun nan ne da na hana tsohuwa jin ɗan'uwanta.