Kaka Mai Amsa wa Rediyo

Tsohon da nake kula da shi a unguwar St. George, nan ƙasar waje, ba ya kashe rediyo. Kiɗan Turawa ne mai tsawo, goge da sarewa, babu mai waƙa. Yakan ce da irinsa ya tashi bayan yaƙin duniya, lokacin da rediyo ke kawo wa mutum kiɗa da laccar masana da wasan kwaikwayo har ɗaki. Sai ya kama yi mini bayani. Ni da na tsaya a firamare, rabi ba na ganewa, sai dai in ce, "Haka ne, Baba." In na hau jirgin ruwa zan koma gida, abin ya yi ta cin raina. Wannan ba shaidar zur ba ce? Sai na daina amsawa. Shi ma ya daina magana, ya koma kallon taga.

Cikin wannan damuwa na tuna Kaka Asabe a zangon Kumasi. Bayan magariba takan zauna gindin murhu tana gasa mana ayaba, mu jikoki mun kewaye ta. Ba ta fara labari sai mun ce ta zo mu ji. In muka yi shiru a tsakiya kuwa, sai ta tsaya: "Au, da bango nake magana?"

Wata rana ta ba mu labarin ƙuruciyarta, tana raino a gidan wani likita Bature mai akwatin rediyo a falo. In kiɗa ya ƙare, sai wani malami a cikin rediyon ya hau magana shi kaɗai. Likita na karanta jarida, matarsa na saƙa, ba mai ce masa uffan.

"Tausayinsa ya kama ni," in ji Kaka. "Dattijo guda yana ta zuba, ba mai tanka masa! Sai na zauna bakin ƙofa da goyo a baya. In ya ja numfashi in ce, 'Na'am, malam.' In ya ɗaga murya in ce, 'Ikon Allah!'"

Matar likitan ta so ta kori Kaka daga wurin. Likita ya ce a ƙyale ta, ya kuma ajiye jaridar ya saurara.

Na ce, "Kaka, ke da ba kya jin Turanci, in saɓo yake faɗi fa?"

Ta yi dariya har da tari. "Ku ji sarauniyar fargaba! Ni alƙali ce? Ba gaskiya na ba shi ba, ƙawata. Zama na taya shi."

A da, abin dariya na ɗauke shi. Sai a wannan gari, inda tsofaffi ke wuni ba wanda ya kira sunansu, na gane abin da take nufi. Na ja kujera kusa da tsohon, na ce, "Baba, ba duka nake ganewa ba, amma ci gaba, ina jin ka." Ya juyo ya dube ni, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya.

Har yau ban rabu da fargaba ba, sai dai ta sauya. Yanzu abin da nake tsoro shi ne ranar da zan tura ƙofar ɗakin nan, in rasa wanda zan amsa wa.