Shinkafar Barka a Gidan Uwar Gwamna

Na taɓa aikin kula da wata tsohuwa 'yar ƙasar Filifin a unguwar Jamaica, can Queens a birnin New York. Daga Bronx nake tasowa da sassafe, in yi mata wanka, in ba ta magani, in zauna da ita har la'asar. Mama nake ce mata. Sai da na yi watanni a gidan kafin na san matar da ke cikin hoton kan talabijin, mai ɗaga hannu a gaban taro, 'yarta ce, kuma gwamnar lardinsu ce sukutum.

Na ce, "Mama, ke ce uwar gwamna kike zaune a wannan ɗan akurkin? Wallahi da a Kano ne, ban isa in tsaya ko a ƙofar gidanki ba."

Ta yi dariya har da tari, sannan ta ba ni labari. Aikin jinya ya kawo ta Amurka, yarinyar ko makaranta ba ta shiga ba, ta bar ta a hannun ƙanwarta da niyyar ta ɗan yi aiki ta koma. Yau takardu, gobe aiki, har furfura ta fito. Yarinya ta girma ta zama lauya, ta yi kansila, ta riƙe garinsu, daga nan ta kayar da wani tsoho da ya kafe a kujerar gwamna. Duk Mama daga nesa ta gani. Ta san kowace gada da 'yar ta gina, ta san 'yan adawa ɗaya bayan ɗaya, tana zaginsu da yarensu in ina shafa mata mai a ƙafa. Suna gaisawa a waya jefi-jefi, gaisuwar mutunci. Abin da Mama take jira shi ne 'yar ta tsaya a gaban jama'a ta ce ga uwata, tana can New York.

Da zaɓen tazarce ya zo, Mama ta ce wannan karon 'yar za ta faɗa, jikinta ya ba ta. Ni kuwa sarkin zumuɗi, na ɗauka abin irin namu ne. A wurinmu in ɗanka ya ci ko kansila, gidanka ba masaka tsinke, kowa ya zo barka, kuma abin kunya ne a tashi ba a ci komai ba. Na dafa shinkafa dafa-duka cike da babbar kula, na haɗa zoɓo, na cicciɓo su a jirgin ƙasa mutane suna kallona kamar mai ƙaura.

Mama ta dubi kular ta ce, "'Yata, wa zai cinye wannan?"

Na ce, "'Yan barka mana! Ke dai ki sa rigarki mai kyau."

Ta sa, har da ɗan kunne. Daren Filifin shi ne safiyarmu, don haka da hantsi sakamako ya fito: gwamna ta zarce. Na rangaɗa guɗa, maƙwabci ya buga bango. Na jera faranti, na bar ƙofa a buɗe. Shiru kake ji. Ƙawayenta na asibiti wasu sun rasu, wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa wasu jihohi. Na riƙa leƙa baranda kamar mai jiran bas, ba kowa sai ƙarar jiragen sama.

Muka zauna mu biyu muna kallon jawabin godiya a wayarta. Gwamna ta yi ta magana, jama'a na ihu. Can sai ta juya ta kamo wata dattijuwa ta kawo ta gaba, ta sunkuya, ta ɗora bayan hannun dattijuwar a goshinta. Haka suke girmama iyaye. Ta faɗi wata magana, wurin ya ɗauki tafi.

Na ce, "Me ta ce?"

Mama ta ce, "Ƙanwata ce. Ta ce wannan ita ce uwarta."

Raina ya ɓaci, na miƙe ina ta faɗa. Na ce haba, wannan wace irin butulci ce, wa ya yi ta kwasar kashin marasa lafiya a ƙasar mutane don ta yi karatu? Mama ta bar ni na gaji don kaina. Ta ce, "Zauna. Ba ƙarya ta yi ba. Ƙanwar tawa ce ta goya ta ranar da ƙyanda ta kama ta, ni ina nan ina jinyar 'ya'yan wasu."

Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan ɗakin ba. Mama ta cire ɗan kunnen a hankali ta ajiye, ta juyo ta dube ni.

Ta ce, "Taki 'yar da kika bari a Kano, wa ke riƙe miki ita?"

Na ce, "Yayata."

"Me take ce mata?"

Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Umma."

"Ke fa?"

Na ce, "Anti."