Filas ɗin kafe da na kai wa yayana dubiya

Ko zan manta ranar da na fara riƙe sitiyari, ba na jin zan manta ranar da na shiga asibitin Dapaong da filas ɗaure a ƙuguna, wai na je dubiya. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma duk sanda na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni direba ne, ɗan Komah a cikin Sokodé. Bas nake ja tsakanin Sokodé da Dapaong, irin wadda muke kira kenz-plas, mai kujera goma sha biyar a takarda. Yayana kuwa mahauci ne, shi ya gaji teburin Babanmu a kasuwa. Ƙato ne na gaske, yana saɓa cinyar bijimi a kafaɗa yana hira. Wannan saɓe-saɓen ne ya taɓa masa baya, wani mai son sa ya ba shi tiramol, ƙwayar nan ta kashe ciwo, ya ji daɗinta. Daga ɗaya sai biyu, daga biyu kuma Allah kaɗai ya san iyaka. Ranar da asiri ya tonu, faɗuwa ya yi a mayanka da wuƙa a hannu, yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Sarkin fawa ya karɓe wuƙar, ya ce ba zai mayar masa ba sai ya warke.

Mu kuwa a gida muka ce aljanu ne, don aljani ya fi ƙwaya daɗin faɗa a gaban mutane. An sha rubutu, an yi hayaƙi har kajin gidan suka fara tari, an yanka baƙin zakara muka cinye abinmu. Ana cikin haka ya sake faɗuwa. Likitan da ya duba shi ya faɗa mana gar da gar cewa ƙwaya ce, kuma in ya sake irin wannan faɗuwar ba lallai ne ya tashi ba. Ya ce akwai sashen masu fama da shaye-shaye nan cikin garinmu, tafiyar ƙafa daga gida. Ina! Kawunmu ya ce in dai yana da rai, ba za a ga ɗan gidanmu yana shiga ƙofar nan a Sokodé ba. Taron gida ya yanke a kai shi Dapaong, tafiyar wajen awa biyar, inda ba wanda ya san mu. A unguwa kuma aka baza cewa ciwon baya ne, an dace da wani gwanin likitan ƙashi a can.

Ni na kai shi da motata. Muna shiga harabar sashen, mutum na farko da muka yi kiciɓis da shi telan layinmu ne, wanda matarsa ta ce ya tafi Cinkassé saro yadi. Bayansa ga ƙanen ladaninmu yana shanya wanki, shi da aka ce yana Kwatano koyon aikin walda. Muka gaisa kowa na kallon yatsun ƙafarsa, ba wanda ya tambayi wani ya hanya. Daga baya wani nas ya gaya min su ma mutanen Dapaong Sokodé suke kai nasu, saboda kunya. A nan na gane fasinjojin nan masu shiru da ake sakawa a tsakiya, ɗan'uwa a dama ɗan'uwa a hagu, da na shekara ina ɗauka tafiya da dawowa. Ashe rabin lodina sirrin mutane ne.

Sashen yana hannun wata babbar nas, 'yar ƙabilar Moba, doguwa mai kauri, da kowa ke kira Majo. Hausarta ta kasuwa ce, amma ba ta ɓata magana. Ta karanta mana doka: sati biyu na farko ba dubiya, bayan nan kuma duk abin da zai shiga sai ya bi ta hannunta. Da na koma na gaya wa Innarmu, sai da ta tafa hannu ta yi salati. Ta ce wane irin asibiti ne wannan da ake hana ganin mara lafiya, ko gidan yari ai ana kai abinci. A wurinmu in mutum ya kwanta, gado ɗaya ne nasa, sauran ɗakin na dangi ne da kuloli.

Da sati biyun suka cika na je. Wallahi hankalina ya tashi. Ƙaton nan ya zube, riga ta yi masa yawa, sai hamma yake yana share hawaye, ya ce ƙasusuwansa kamar ana sara. Na dawo gida na kwatanta wa Inna, sai ta tambaye ni abin da duk uwa a zango za ta tambaya, wato me ya ce yana marmari. Ka san al'adarmu. Mara lafiya in ya yi kwaɗayin abu, ko a ina yake sai an nemo masa, don kada ya tafi da kwaɗayin a ransa a bar ka da nauyi har abada. Na ce mata bai ce komai ba. Ta ce ai yayanka ba mai roƙo ba ne, kai da ka san shi ka duba. Ita baiwar Allah kilishi take nufi, ko soyayyen wagashi, cukun nan na Fulani. Ni kuwa sai na ga ai na fi kowa sanin abin da ran yayana yake so.

A tasharmu akwai wani mai kafe, mutumin kirki, ba ya wuce jam'i. Kafensa hawa uku ne: akwai na malamai, wanda madara ce da sukari kawai, akwai na 'yan zemijan masu haya da babur, sannan akwai na direbobi, wanda in ka sha sai ka ga hanyar Dapaong ta gajarce. Yayana kafin ya kwanta na ƙarshen nan yake karya kumallo da shi, ni ma haka, biyu a rana. Na sha ganin mai kafen yana murƙushe wani abu da bayan cokali a ƙarƙashin tebur, ni kuma in kau da kai in duba tayar motata. A lissafina ƙwaya ita ce wadda ake ɓarewa daga leda a haɗiya, wadda yayana ya faɗa cikinta. Wannan kuwa kafe ne mai ƙarfi, na masu neman halal. Sau nawa na zauna a bencin nan, kofi a hannuna, ina tsine wa 'yan ƙwaya da suka ɓata zamani. Laifi tudu ne, in ji masu magana, kuma ni a kan nawa nake tsaye ina hangen na kowa.

Na kai filas na ce a cika, na mara lafiya ne. Mai kafen ya ji tausayi ƙwarai, ya ƙara hannu a haɗin, ya ce in gaya masa wannan ita ce tasa dubiyar, Allah ya tashi kafaɗunsa. Muka shafa tare.

Na isa Dapaong bayan azahar, na sauke fasinja, na sa babbar riga a wannan zafin, na ɗaure filas a ƙugu da igiyar lodi. Majo na zaune a ƙofa. Ta buɗe kular Inna, ta soka cokali cikin tuwon har ƙasa, ta shinshina yaji, ta ɗaga kilishi tana duba shi a rana kamar mai neman jabun kuɗi. Ni ko gezau. Ni da na saba wuce jandarma da akuya uku a ƙarƙashin kujera, nas ce za ta kama ni? Ta ce in wuce. Na wuce ina taku ɗaiɗai don kada filas ya yi ƙara, ina yaba wa kaina a zuci.

Na same shi a bayan ɗakinsu, ƙarƙashin darbejiya, yana zaune a benci. Abin da na ƙi lura da shi a lokacin shi ne ya fara dawowa. Idonsa ya washe, ya cinye tuwon tas har yana side hannu. Ya ce yau kwanansa ashirin da shida. Ya ba ni labarin zaman da suke yi kowace safiya, a yi da'ira kowa ya faɗi nasa, da na wani manomi daga Bombouaka da cukutu, burkutun can, ta cinye masa shanun noma. Yayana da a da ko inuwa ba ya haɗawa da mashayin giya, yanzu abokina yake ce masa, wai su ke tashin juna in jiki ya ƙi. Ni duk ban saurara ba, Allah-Allah nake ya gama in fito da abin arziki.

Na waiga dama da hagu, na kwance igiya, na tsiyaya a marfin filas ɗin na miƙa masa. Na ce, “Yaya, ga tsarabar tasha. Kurɓi kaɗan ka ji ƙarfin jikinka, ba wanda ya gani.”

Ƙamshin ya riga maganata isa. Na ga hancinsa ya buɗe, maƙogwaronsa ya motsa. Ya karɓa da hannu biyu, kafen na zuba a kan yatsunsa da zafinsa bai ko ji ba. Ya daɗe yana kallon cikin marfin, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ni ina gefe ina murmushi, ina jiran godiya. Da ya ɗago, hawaye ne cike da idonsa, ya ce da ni a hankali, “Ƙanena, me na yi maka?”

Ban gane ba, wallahi a lokacin ban gane ba. Sai gani na yi ya miƙe da marfin a hannu, ya nufi ƙofa inda Majo take. Na bi shi ina raɗa, ina jan rigarsa, ina haɗa shi da Allah da darajar Inna kada ya tona ni. Bai waiwayo ba. Yana tafe kafen na ɗiga a ƙafarsa, ya miƙar da hannun can nesa da fuskarsa, har ya dire marfin a kan teburinta. Ya ce bai sha ba, amma a riƙe masa, don bai san ko nan da minti ɗaya zai iya ba. Sannan ya zauna a ƙasa ya kifa kai a gwiwa.

Na shirya jin zagi, har na fara haɗa ƙaryar da zan yi. Majo ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka shiga da shi ciki, ta nuna min kujera, ta miƙo hannu na ciro filas daga ƙarƙashin babbar riga kamar ɓarawon kaza. Ta yi min bayani cewa jikin da ya yi kusan wata bai ga ƙwayar ba ya daina ɗaukar abin da ya saba ɗauka a da, abin da ke cikin filas ɗin nan ya isa ya kayar da shi faɗuwar da likita ya ce ba a tashi. Sai ta kalle ni ta ce, “Shofer, kai nawa ka sha yau kafin ka ɗauko mutane?”

Na ce biyu, amma nawa kafe ne. Ta tambayi fasinja nawa na ɗauko, na ce goma sha takwas, na manta da batun takarda. Ta gyaɗa kai, ta ce tunda kafe ne kawai, in kwana a Dapaong kada in sha, gobe in zo in ba ta labari. Na bugi ƙirji na ce ko sati ne.

Washegari kafin la'asar ido ya raina fata. Hamma kamar muƙamuƙina zai cire, hanci na zuba, ƙasusuwa kuwa daidai yadda yayana ya kwatanta. Na zagaya tashar Dapaong sau uku ina neman mai kafe irin namu, na same shi kuwa, don ba tashar da ba ta da nata. Na tsaya a gabansa, bakina har ya buɗe, sai fuskar yayana ta faɗo min da marfin nan a hannunsa. Da ƙafata na koma wurin Majo. Ba ta yi min dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo ke nan. Ta buɗe min kati, ta ba ni gado a sashen, ta ce mota kuwa sai bayan wani lokaci. Haka Inna ta sake fita unguwa ta sanar cewa ni ma bayana ya motsa, abin na gado ne.

Yayana ya riga ni fita. Ya koma kasuwa, sarkin fawa ya mayar masa da wuƙarsa a gaban mahauta. Har yau yana zuwa zaman da'irar nan, kuma a Sokodé yake zuwa, da rana tsaka, ya bi ta ƙofar shagon Kawu ya gaishe shi ya wuce. Maganar filas bai taɓa tayar min da ita ba, ko a cikin faɗa.

Abin da na koya shi ne tausayi ma yana buƙatar a yi masa tambaya kafin a sake shi, kuma ba duk abin da ran mara lafiya ke so ba ne dubiya. Yanzu in zan je gai da wani a asibiti, masu aikin nake fara tambaya me ya halatta in kawo, in sun ce ba komai in shiga hannu rabbana ban ji kunya ba. Don na san da yayana ya kai marfin nan bakinsa a ranar, da ni zan ɗauko gawarsa a motata, in zauna a tabarmar gaisuwa kusa da Kawu, mutane na shigowa ina ce musu haka Allah ya ƙaddara.