Faratan hannun dama

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Yaya Habu, Allah ya jiƙansa. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, amma abin da idona ya gani makon jiya ya hana ni yin shiru.

Malamin firamare ne a Miga, kuma yana kaɗa jita. Ba kiɗan biki ba, kiɗan Turawan da, wanda aka tsara wa wani abu mai suna lut, mai ciki kamar rabin duma, ɗan'uwan garaya. Yakan ce, "Ƙanwata, garayar tasu ce ta tsufa, sai kiɗan ya yi ƙaura zuwa jita." Don tsirkiya ta yi sauti garau, yakan bar faratan hannun dama su yi tsawo, ya yanke na hagu. Hannun cin tuwo fa! Har a ƙofar masallaci ana masa tsiya: "Malam, reza ce ta yi tsada?"

Da ya rasu, jitar da wayarsa suka zo hannuna a Dutse. Bara 'yata Jidda, mai shekara tara, ta tono bidiyon yatsunsa a wayar, ta shiga kwaikwayo. Hankalina ya tashi. Me surukata za ta ce, 'ya mace da kiɗa, ga farce kamar na shaho? Kowace Juma'a sai na danne ta na yanke faratan, tana kuka, tana cusa hannu cikin hijabi. Watan jiya dai na kasa. Na yanke na hagu, na ajiye rezar.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A taron ba da kyaututtuka na makarantarsu aka kira Jidda ta kaɗa jita, ga Hajiya, surukata, zaune a gefena. Jitar ta kusa fin Jidda girma, amma da ta fara, fili ya yi tsit. Kiɗan na tafe a hankali, kamar mai saukowa daga dutse da tulu a ka. Da aka tashi, Hajiya ta kamo hannun Jidda na dama, ta duba faratan ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya bar mata waɗannan?"

"Ni ce, Hajiya."

"To, kar ki kuskura ki taɓa su. Lalle zan sa musu da kaina."

Da Yaya Habu yana raye, na san dariya zai yi har da hawaye. Bai bar gona ba, bai bar ɗa ba. Kiɗan da ya tsallako teku ya yada zango a hannunsa ne ya bari, ga shi ya tare a yatsun 'yata. Rezar tana nan a kan taga, ta hannun hagu ce kawai.